Tambaya da Amsa: Jar fitilar amfilifayar masallacinmu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ladan ne a wani masallacin unguwa a Bolari, Gombe. Duk sanda na ɗaga murya a kiran sallah, wata jar fitila a gaban amfilifayarmu sai ta kama. Lasifika biyu sun ƙone mana daga azumin bara zuwa yau. Kwanan nan kuma da Azahar na'urar kan yi shiru gaba ɗaya, wata fitilar daban ta kunnu. Mu sayi sabuwa ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam ladan. Kada ku taɓa kuɗin masallaci tukuna. Irin wannan kuka kusan kowane mako sai an kawo mini shi shagona a nan Bauchi, kuma galibi na'urar lafiyarta ƙalau.

Fitilar farko, wadda aka rubuta CLIP a jikinta, tana shaida maka cewa na'urar ta kai iyakar ƙarfinta. Duk abin da ka ƙara bayan nan, murya ce za ta yi kaushi, zafi kuma ya taru a kwayil ɗin lasifika, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke cikinta. Wayar kwayil siririya ce kamar gashi, ba ta jure wannan. Ƙyaftawa jefi-jefi ba komai. Ta zauna ja daram, nan ɓarnar take.

Ga yadda za ka yi. A mayar da maɓallin ƙara can ƙasa. Ka riƙe makirfo yadda ka saba, ka yi kabbara da cikakkiyar muryarka ta Asuba, wani yana murɗawa a hankali har jar fitilar ta fara ƙyaftawa, sai ya ɗan dawo baya. Ku ɗiga farin fenti a wurin. Na nace kan fentin nan ne don na san akwai mai zuwa ya murɗe shi har ƙarshe, da kyakkyawar niyya, yana so ƙetaren titi su ji.

Ta biyun, PROTECT, na'urar ce ke kare kanta. In an kunna, fitilar kan yi 'yan daƙiƙu ta mutu, wannan daidai ne. Amma tunda da Azahar take kama ku, zafi nake zargi. Ƙurar hunturu ta toshe fanka, ko kun kulle ta a akwatin katako don gudun ɓarayi, iska ba ta shiga. Ku ƙirga lasifikokin ma. Om ma'auni ne na lasifika, yadda lambarsa ke raguwa haka nauyi ke ƙaruwa a kan na'urar: biyu masu om 8 in aka haɗa bakinsu wuri ɗaya sun koma om 4, huɗu sun koma om 2, kuma ba kowace amfilifaya ke ɗaukar haka ba. Adadin om ɗin da take iyawa yana rubuce a bayanta.

Wajen kunna kayan sauti amfilifaya ce ta ƙarshe, wajen kashewa ita ce ta farko. Haka in za a juya daga NEPA zuwa janareta, a kashe ta tukun.

In ta huce, kun zare wayoyin lasifika, fitilar PROTECT ta ƙi mutuwa, to sai a kai ta wurin mai gyara.