Tambaya da Amsa: Ajin yini guda zai koya mini haɗa raunin ƙarya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai kwalliyar amare ce a Kano, shekarata huɗu ina yi. Kwanakin baya wani ɗan'uwana mai shirya gajerun finafinai na YouTube ya ce in yi wa jaruminsa rotse a goshi. Na shafa jambaki, na zuba jar kalar abinci. Da aka kalla a waya sai ka ce miyar tumatir aka watsa masa, har yau ana tsokanata a gida. Yanzu na ga tallar wani aji na yini guda, wai ana koya wa masu farawa haɗa rauni da jinin ƙarya, kuɗin kuma ba kaɗan ba. Me ake koya a irin wannan aji? Yini guda ya isa? Kuma kayan nan ba sa cutar da fata?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Kada tsokanar nan ta dame ki, mafi yawanmu da miyar tumatir muka fara. Ke ma kin fi da yawa daga cikinmu sa'a, tunda hannunki ya riga ya saba da buroshi da soso, kin kuma san yadda ake saje kala da fata. Sai dai akwai ɗabi'a guda ta kwalliyar amare da za ki ajiye a ƙofar aji: son tsari da daidaito. Amarya ana so girarta ta dama ta yi daidai da ta hagu. Ciwo kuwa ba ya san layi. Da zarar rauni ya fito tsaf, gefensa a miƙe, jininsa a jere, ido ya gane hannu ne ya zana shi.

Yini guda ya isa ki taɓa kayan da hannunki, ki ji ƙamshinsu da warinsu, ki ga yadda suke bushewa, ki lalata rauni biyu ko uku a gaban wanda zai nuna miki inda kika kuskure. Wannan kaɗai ya fi wata guda kina kallon bidiyo a waya. Amma ba zai mai da ke gwana ba, duk wanda ya ce miki haka kuɗinki yake hange. A ajin kirki na masu farawa ana bi ne daga mai sauƙi zuwa mai wuya: kwanciyar jini da kumburi da kala zalla, sai ƙujewa, sai yanka da kaki, sai ƙuna da ruwan roba da tishu, a rufe da haɗa jini da yadda ake cire komai daga fata lafiya. Kafin ki biya, ki tambayi abu uku. Mutum nawa ne a ajin, domin in sun wuce goma sha biyu ga malami ɗaya, kallo za ki je yi. Kowa zai yi da hannunsa, da kayan da aka tanadar? Sannan ki ce a nuna miki hotunan aikin malamin a kan baƙar fata, hoton da aka ɗauka kusa, a hasken rana.

Wannan na uku shi ne wanda zan daɗe a kai, don nan ne yawancin masu koyo a wajenmu suke ɓata. Galibin bidiyon koyarwa da ke intanet, da akwatunan kalar da ake shigowa da su, da farar fata aka auna su. Za ki ji ana cewa inda aka buge yana fara ja, ya koma shuɗi, ya koma kore, ya ƙare a rawaya. Gaskiya ne ta fuskar abin da ke faruwa a ƙarƙashin fata: jijiyoyi ƙanana sun fashe, jini ya kwanta, jiki yana narkar da shi a hankali, sinadarin jan jinin yana rikiɗa daga wani launi zuwa wani har ya ɓace cikin kusan mako biyu. Amma a jikin Bahaushe mai duhun fata, wannan bakan gizon ba ya fitowa fili. Abin da ido yake gani shi ne wurin ya ƙara duhu, ya yi baƙi-baƙi mai sirkin makuba, ya kumbura, ya yi sheƙi saboda fatar ta miƙe. Ki tuna yaron da ya yi karo da ƙofa: ƙulun da ya fito masa a goshi da ƙyallinsa kike gani tun daga nesa, ba launi ba. Saboda haka in za ki yi naushi a kunci, ki rage ja da kore, ki yi aiki da ruwan ƙasa mai duhu da ɗan shanshanbale, ki daddanna da soso mai manyan ƙofofi maimakon shafawa, sannan ki ɗora ɗan man basilin a tsakiya ya ba da sheƙin kumburi.

Ƙujewa da ƙuna kuma akasin haka ne. Sinadarin da ke ba mu duhun fata a saman fata yake zaune. In ɗan acaɓa ya faɗi kwalta ta kwashe masa gwiwar hannu, ko ruwan zafi ya saɓule wa mutum fata, abin da ke bayyana a ƙasa fari-fari ne mai ruwan hoda, da ɗigo-ɗigon jini, gefen kuma fatar da ta naɗe tana nan da duhunta. Wannan bambanci tsakanin hasken ciki da duhun gefe shi ne yake sa mai kallo ya runtse ido. Ke da kika zuba ja a kan baƙar fata kai tsaye, babu abin da ya nuna fata ta buɗe, shi ya sa ya zama miya. Tabo ma haka: a jikinmu tsohon ciwo yakan yi duhu fiye da fata, ko ya yi fari, ko ya taso ya yi tudu mai santsi kamar yadda ake gani a kunnen wasu bayan huji.

Ni dai shawarata ga duk mai koyo ita ce ta zama mai kallon ciwo. Ki duba hannun mai tuyar ƙosai, ƙafar makanike, gwiwar yaran gidanku, da yardarsu. Ki nemi littafin koyar da ma'aikatan jinya mai hotuna. Kafin ki taɓa fuskar jarumi kuma ki tambayi darakta: da me aka ji masa ciwon, daga wane ɓangare, yaushe? Wuƙa tana barin baki mai kaifi da tsabta. Gora ko dutse fasa fata suke yi, bakin ya yi kaca-kaca, kewaye ya kumbura. Ciwon minti biyar jininsa ja ne mai gudu. Na awa uku ya daskare ya yi duhu. Na kwana huɗu ya yi ɓawo.

Kayan aiki ba su da yawa a matakin farko. Akwai kakin rauni, mai laushi kamar danƙo, da ake mulmulawa a manna a inda ƙashi yake kusa, irin goshi, karan hanci ko bayan hannu, a shafe gefensa da ɗan basilin har ya ɓace cikin fata, sannan a tsaga tsakiya da abu marar kaifi. Marar kaifi nake cewa: bayan cokali ko tsinken roba, reza ba ta kusantar fuskar mutum. In ba ki samu na sayarwa ba, kwaɓin fulawa da basilin da ɗan fandeshan yana isa gwaji a gida. Akwai ruwan roba, wato lateks, da ake shafawa a ɗora tishu ko auduga sala-sala, in ya bushe a yage shi ya ba da fatar da ta saɓule. Akwai kolodiyon, ruwa ne da in ya bushe yake tattare fata ta lotsa kamar tsohon tabon yanka. Kada ki raina waɗannan: da auduga da kolodiyon mai kwalliyar finafinai Jack Pierce ya gina kan dodon fim ɗin Frankenstein a fuskar jarumi Boris Karloff a 1931, fuskar da har yau ake kwaikwayo. Silikon, wata irin roba mai laushi, shi ne sarkin kaya a yau, yana motsi tare da fata, zafi ba ya narkar da shi, amma da tsada, ki bar shi sai hannunki ya faɗa.

Jelatin fa, garin nan da ake haɗa jeli da shi, wanda masu bidiyo suke yawan yabo, ana narka shi da giliserin da ruwa kashi ɗaya-ɗaya, yana ba da ƙuna mai kyan gaske. Matsalarsa biyu a wajenmu. Ta farko zafi: a watan Afrilu da Kano take haura digiri 40, ga fitilu ga gumi, na taɓa ganin ƙunar da na ɓata awa guda ina yi ta sulale daga kuncin jarumi kafin a gama saita kyamara. Ta biyu, yawancin jelatin na ƙasashen waje daga fatar alade ake samar da shi, don haka ki karanta jikin kwalin ki nemi na shanu mai tambarin halal. Kuma bayan an narka shi, ki gwada zafinsa a cikin tsintsiyar hannunki kafin ya taɓa kowa.

Jini yanzu. Kuskurenki shi ne ja zalla, kuma mai ruwa. Jinin gaske yana da kauri, haske ba ya ratsa shi sosai, kuma yana da duhu. Gindin haɗin da masana'antar Amurka ta daɗe tana amfani da shi, wanda aka fi danganta wa mai kwalliyar finafinai Dick Smith, sikarin masara ne mai yauƙi da kalar abinci. A nan ki nemi gulukos mai kauri a shagon masu kayan kek, ko zuma. A kofi ɗaya ki sa kamar cokali ɗaya na jar kala, ɗigo ɗaya ko biyu na shuɗiya, cokali ɗaya na garin koko don ya kashe hasken, sai ki sassauta da ruwa kaɗan-kaɗan. Ki raba uku: mai gudu, mai kauri, da daskararre wanda za ki ƙara wa koko da garin kofi ki cusa cikin yankan. Wannan haɗin duk abinci ne, yana iya shiga baki. In kin ɗiga sabulun ruwa don ya fita daga tufafi da sauƙi, to ya haramta wa baki da ido, ki rubuta a jikin kwalbar. Ki kuma shirya wa ƙuda da kiyashi, don zaƙi ne kika shafa wa mutum a lokeshan.

Kada ki yarda da idonki, ki yarda da kyamara. A 1960 darakta Alfred Hitchcock ya yi amfani da ruwan cakulan a matsayin jini a fim ɗin Psycho, tunda hoton baƙi da fari ne, cakulan ya fi ja fitowa. Kyamarar waya kuma tana son ƙara wa ja ƙarfi. Ki ɗauki hoto a hasken da za a yi fim ɗin, da na'urar da za a yi shi, ki gyara tun kafin a ce an fara.

Batun cutar da fata, eh, akwai haɗari in an yi ganganci. Wasu jikinsu ba ya karɓar lateks: ƙaiƙayi, borin jini, wani lokaci har numfashi ya sarƙe. Ki tambayi mutum ko safar hannu ta roba ko balan-balan sun taɓa tayar masa da ƙuraje. Masu rashin jituwa da ayaba ko fiya ma a yi hattara da su. A shafa ɗan kaɗan a cikin hannu kwana guda kafin aiki. Lateks yana da amoniya, ba ya zuwa kusa da ido, yana kuma kama gashi, sai ki shafe gira da gemu da basilin tukuna. Kolodiyon yana kama wuta, ba a shafa shi kusa da ido ko leɓe, ba a kuma maimaita shi wuri ɗaya kwana da kwanaki. Gam ɗin manne takalmi, gam ɗin kafinta da fentin gini ba kayan fata ba ne, ko da kin ga wani yana yi. Filasta irin ta silin kuwa zafi take fitarwa yayin daskarewa. A Ingila a 2007 wata ɗaliba ta rasa yawancin yatsunta bayan ta tsoma hannuwanta a cikinta a ajin zane. Ba a ɗora komai a kan ciwon gaske ko ƙurji. Soso ɗaya, mutum ɗaya. Wajen cirewa kuma a jiƙa da mai a bi a hankali, ba a fizga.

Wani abu da malamin waje ba zai gaya miki ba: lateks da kaki da silikon suna hana ruwa taɓa fata. Ki tsara da darakta a yi sallah ko jarumi ya yi alwala kafin ki fara, a kuma ɗauki fitowar raunin kafin lokaci ya ƙure. Ki ɗauki hoton kowane rauni ta gaba da ta gefe ki ajiye, domin gobe za a ce ki maimaita shi, kuma masu kallonmu ba sa yafe rotsen da ya tashi daga dama ya koma hagu. In kin sa aikinki a Instagram ko TikTok, ki rubuta ƙarara cewa kwalliya ce, kada wani ya ɗauke hoton ya ce rikici ne ya ɓarke a wani gari.

Kasuwar ba ta tsaya a Kannywood ba. Makarantun jinya da masu koyar da taimakon gaggawa suna buƙatar raunin ƙarya don atisaye. A Birtaniya tun 1942 aka kafa ƙungiyar Casualties Union don wannan aikin kaɗai.

In ajin ya amsa tambayoyin nan uku, ki je, ki tafi da tsohuwar riga da tawul. Da kin dawo ki kira ɗan'uwan naki ya aro miki jarumin nan. Ki yi masa kumburi tukuna a saman gira, ki ɗora kaki ki tsaga shi a karkace, ki sa ruwan hoda a baki-baki da baƙin ja a can ciki. Jinin ya zo a ƙarshe, ɗigo biyu daga ƙasan yankan, ki ce ya ɗaga kai ya bar shi ya gangaro da kansa.