Amsa: Ban ruwan lambu ko ba ka gida

Malam, ka ce da tanki kake amfani, kuma kana son lambunka ya riƙa shan ruwa ko ka yi tafiya. To ka lura wajen sayen taima, wato na'urar da ke buɗe ruwa da rufe shi a lokacin da ka saita: da yawansu sai da ƙarfin ruwan famfo suke buɗewa, ruwan tanki ba ya iya tura su. Nemi mai batir wadda bawul ɗinta ke juyawa da kansa.

Ɗaga tankin kamar mita 2, ka shimfiɗa tiyo mai ɗigo a gindin shuka. Don Allah ka sa abin tace ruwa kafin tiyon, musamman in ruwan burtsatse ne, yashi kan toshe hudojin nan da nan. Saita taimar da asuba, in zafin Afrilu ya kankama ka ƙara na yamma.

Ciyawa kuwa feshin ruwa take so, sai ka haɗa da injin tura ruwa.