Amsar murya: yadda ake leƙa saƙo a layin MQ ba tare da an kwashe shi ba

Assalamu alaikum jama'a. Ƙanena, kai da ka yi tambaya jiya da daddare, na ga saƙonka, ina kan hanya ne, kuma wannan bayani ba na dannawa da yatsa ba ne, sai murya. Ka ce an sa ka aiki kan menfirem, babbar kwamfutar nan ta IBM, ka shiga allon MQ, manhajar da ke kai saƙo tsakanin shirye-shiryen kwamfuta, a cikin ISPF, wato allunan aiki na menfirem, ka ga wani layi, inda saƙonni ke jira a ɗauke su, da saƙo 47 maƙale, kana son ganin abin da ke cikinsu, ka duba ko'ina ba ka ga hanya ba. To ba idonka ba ne, babu ɗin ce. Wancan allon adadi yake nuna maka, da saitin layin. Cikin saƙo kuwa ba aikinsa ba ne.

Amma ni na san abin da kake tambaya a zahiri. Tsoro kake kada ka taɓa su ɓace, kuma gara da ka tsorata. A MQ kira ɗaya ne, MQGET, shi ake leƙawa da shi, shi ake ɗauka da shi. Bambancin shi ne yadda ka buɗe layin da zaɓin da ka ba kiran. In ka buɗe da MQOO_BROWSE, ka yi BROWSE_FIRST, ka bi da BROWSE_NEXT, saƙo yana nan inda yake, kai dai ka leƙa ta taga. In ka buɗe da INPUT ka kira haka nan, ka ɗauke shi ke nan, ya bar layin.

Hanya mafi sauƙi, in an buɗe muku tashar haɗi daga waje, manhajar MQ Explorer a kwamfutarka. Galibi fot, wato lambar ƙofar haɗin, 1414 ne, amma ka tambaya, wasu suna canzawa. Ka danna layin da hannun dama, ka zaɓi leƙa saƙonni. Sai dai ka sani, yadda yake zuwa saƙo 500 kawai yake nunawa, kuma bayit 1000 na farkon kowanne. Mutane sun sha cewa saƙo ya guntule, alhali saiti ne, ka shiga ka ɗaga shi. In ba ka son Explorer akwai wani ɗan shiri, amqsbcgc, ya zubo maka kan saƙon, wato MQMD, da jikinsa a heks, wato lambobin bayit, da haruffa gefe da gefe.

In kuma wurinku irin masu kulle ƙofa ne, komai sai a cikin z/OS, tsarin da menfirem ke gudana a kai, to samfuran da IBM ke haɗowa da MQ za ka nema. Akwai CSQ4BVA1 na yaren COBOL... a'a, tsaya, wannan bayit 80 na farko kawai yake bugawa, ba zai ishe ka ba. CSQ4BCG1 nake nufi, shi ne ɗan'uwan amqsbcgc, ka tura shi da JCL, rubutun tura aiki a menfirem, ka karanta sakamako a SDSF, allon duba sakamakon aiki. Akwai kuma na TSO, inda kake shiga ka buga umarni, da ake tayarwa da CSQ4RCH1, yana jera maka saƙonni ka zaɓa. Wannan ɗin ka yi hattara da shi, don bayan leƙe yana iya tura saƙo wani layi, yana iya gogewa. Sai shirin CSQUTIL, umarnin COPY, ya kwafe maka layin zuwa fayil, saƙonnin suna nan. Maƙwabcinsa EMPTY kuwa, ko da wasa kada ka rubuta shi.

Wallahi abin da ya sa nake nanata wannan, na taɓa kwana a ofis a kansa. Wani banki da na yi wa aiki a waje, ba zan faɗi suna ba, aka kawo mana wani yaro mai ƙoƙari, ba ragon yaro ba ne. Ranar Alhamis da yamma layin biyan kuɗi ya tsaya, saƙo ya taru. Shi a tunaninsa bari ya taimaka ya ga me ke ciki. Ya tashi ya kira amqsgetc. Sunan ma ai ya gaya maka ɗauka zai yi! Saƙonni suka zubo a allonsa reras, yana murna, har ya ɗauki hoto ya turo mana wai ga su nan. Muka duba adadi, sifili. Kuma abin haushin, wannan shirin in ya gama kwashewa yakan tsaya daƙiƙa 15 yana jiran ko wani zai shigo, duk wanda ya shigo a lokacin shi ma ya haɗiye. Allah ya taimake mu saƙonnin masu ɗorewa ne, ana rubuta su a log. Muka zauna da CSQ1LOGP, shirin karanta log ɗin, muna tsamo su ɗaya bayan ɗaya, muna gwadawa da lissafin ɓangaren da ya turo, don kada a biya mutum sau biyu. Sai bayan asuba na ga gida. Kuma har yau ba yaron nake jin haushi ba. Wanda ya ba shi izinin UPDATE a RACF, tsarin ba da izini na menfirem, kan layin kuɗi na gaske, shi ne mai laifi. Leƙe READ kawai yake buƙata a ajin MQQUEUE. Wata biyu kafin nan na rubuta na ce a rage wa sababbi izini, aka ce ina kawo tsaiko. Da abin ya faru, a taron safe wa aka fara tambaya? Ni. Wai ina nake. Ina nake! Ina masallaci, la'asar nake yi. To, bar wannan zancen.

Saboda haka kai ma READ za ka roƙa, kada ka karɓi fiye da haka ko an ba ka. In ka ga lambar kuskure 2035, izini ne babu, ka je wurin masu RACF, kada ka ari lambar shigar wani. In 2016 ne, an rufe ɗauka a layin, kuma rufewar tana hana leƙe ma, mutane ba sa sanin wannan. 2033 kuma cewa yake babu saƙo.

Yauwa, wannan 2033 ɗin, ya danganci 47 ɗinka. Kana iya shiga ka leƙa ka ga saƙo 40, ko ma ka ga wayam, alhali CURDEPTH, wato adadin saƙon layin, na cewa 47. Ba aljanu ba ne. Adadin yana ƙirga har saƙon da aka ajiye amma mai ajiyewar bai yi komit ba tukuna, wato bai tabbatar da ajiyar ba, kai kuwa ba za ka gan shi ba sai ya yi. Ka buga DISPLAY QSTATUS na layin ka dubi UNCOM, mai nuna ko akwai abin da ba a yi wa komit ba, ka dubi IPPROCS ma, adadin waɗanda suka buɗe layin don ɗauka. In IPPROCS sifili ne, ba wanda ke karanta layin, ka ga dalilin taruwar ke nan tun kafin ka buɗe saƙo ko ɗaya. Ni da nan zan fara ma. Kuma layin ya zama na gida ne, in sunan da aka ba ka QREMOTE ne, wato mai nuni ga layin da ke wani wuri, ba abin da za ka leƙa, alama ce kawai, saƙon yana layin turawa ko ya riga ya haye can.

Sai abu na biyu da zai ruɗa ka, za ka buɗe ka ga shirme, ka ce saƙo ya lalace. Bai lalace ba, EBCDIC ne, tsarin haruffa na menfirem. Menfirem ba ASCII, irin na kwamfutarka, yake rubutu da shi ba. In ka ga alamar @ ta cika allo, sarari ne, don sarari a EBCDIC 40 ne a heks, shi kuma 40 a ASCII @ ne. Lambobi daga F0 zuwa F9 suke, harafin A kuma C1. Ka dubi CCSID, lambar tsarin haruffa, a kan saƙon, 500 ko 37 ko 1047 duk gidan EBCDIC ne, 1208 shi ne UTF-8. In Format ɗin da ke kan saƙon MQSTR ne, wato rubutu zalla, MQ zai juya maka in ka nemi juyi. In babu komai a Format, ba zai juya ba, kuma kada ka tilasta, don sau da yawa akwai COMP-3 a ciki, yadda COBOL ke matse lambobi. Kuɗi 12345 za ka gan shi 12 34 5C, bayit uku, C ɗin nan alamar ƙari ce. Ka juya wannan zuwa haruffa ka ɓata shi. Ka je wurin masu COBOL ka ce su ba ka kwafibuk na saƙon, wato bayanin yadda aka jera filayensa, ka ajiye gefe kana ƙirga bayit.

Na manta ban tambaye ka ba, layin gwaji ne ko na gaske? In na gaske ne, akwai lambar asusun mutane da sunayensu a ciki, don Allah kada ka ɗauki hoto ka jefo mana nan rukuni. Ka turo min sunan layin da abin da QSTATUS ya ce kawai, ta gefe. Cajina ya kusa ƙarewa, sai na ji ka.