Gwajin jinina ya yi kyau, ko zan iya daina shan maganin ciwon hanta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum likita. Ni ɗan kasuwa ne a Funtua, shekarata 41. Shekara biyu da suka wuce na je ba wani ɗan'uwana jini, sai aka gano ina ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Bayan wasu gwaje-gwaje aka ɗora ni a kan tenofovir, ƙwaya ɗaya kullum. A gwajin watan jiya ALT ɗina, wato gwajin raunin hanta, ya sauko daga 96 zuwa 24, kuma an ce ba a ga ƙwayar cutar a jinina ba. Lafiyata ƙalau, sai dai ciwon baya da nake shan diclofenac a kansa. Kuɗin magani da na gwaji sun fara yi mini nauyi, ga shi kuma wani abokina ya kawo mini jiƙo ya ce yana wanke hanta. Zan iya ajiye maganin asibiti? Wane gwaji ne ba zan iya bari ba?

AMSA: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Sakamakon da ka samu abin a gode wa Allah ne, amma kada ka daina shan maganin, ko da na mako guda ne, sai da yardar likitan da ke duba ka. Abin da takardar gwajinka take cewa shi ne maganin yana aiki, ba ta ce cutar ta tafi ba, kuma a wannan gaɓar ce mutane da yawa suke yin kuskuren da ke dawo da su asibiti a kwance.

Ƙwayar cutar hanta nau'in B idan ta shiga jiki takan ajiye irinta a can cikin ƙwayoyin halittar hanta, inda tenofovir ba ya iya tumɓuke shi. Aikin maganin shi ne ya hana ta hayayyafa, shi ya sa in aka auna jini ba a ganinta, alhali tana nan kamar garwashi a ƙarƙashin toka. Ranar da aka janye maganin sai ta soma yaɗuwa, garkuwar jiki kuma ta taso mata da yaƙi a cikin hantar, har ALT ya haura ninki goma ko fiye, yawanci a cikin watannin farko bayan an daina. Mutum mai sauran ƙarfin hanta yana iya tsallake wannan, amma wanda hantarsa ta riga ta yi tabo ta ƙanƙance, irin wannan tashin yana iya durƙusar da ita gaba ɗaya, idanu su yi ɗorawa, ciki ya cika da ruwa, hankali ya gushe. Na sha ganin marasa lafiya da suka yi shekaru lafiya lau a kan magani, suka ajiye shi saboda kuɗi ko saboda wani ya ce sun warke, bayan wata uku ko huɗu aka kawo su ranga-ranga. Don haka ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce mai tabon hanta ya sha maganin har tsawon rayuwa. Wanda ba shi da tabo ana iya tunanin dakatar masa a yanayi ƙalilan, misali idan gwajin HBsAg ya nuna alamar cutar ta ɓace daga jini, abin da ba kasafai yake faruwa ba, kuma ko a nan sai an tabbatar za a ci gaba da bibiyarsa da gwaji a kai a kai.

Game da gwaje-gwajen, zai fi maka sauƙi ka fahimci cewa kowannensu tambayarsa daban. ALT da AST suna nuna ko ana ji wa hanta rauni a wannan lokacin, domin sinadarai ne da ke zubowa cikin jini idan ƙwayoyin hanta suka fashe. A ƙa'idar da hukumar ta sabunta a 2024, iyakar ALT ga namiji ita ce 30, ga mace 19, ko da yake takardun ɗakunan gwaji da yawa suna rubuta 40. Naka 24 yana cikin iyaka. Sai dai ALT ba ya faɗin irin ɓarnar da aka riga aka yi a baya, kuma hantar da ta ƙanƙance sosai tana iya nuna ALT mai kyau saboda ƙwayoyin da za su fashe ɗin ma sun ragu. Wannan ne ya sa nake ce wa marasa lafiyata kada su tsaya a layin farko na takarda. A duba albumin, wato furotin ɗin da hanta take ƙerawa, wanda ya kamata ya kasance tsakanin giram 35 da 50 a kowace lita. A duba bilirubin, sinadarin da ke jawo shawara idan ya taru. A duba INR, wanda ke nuna saurin daskarewar jini. Waɗannan ukun su ne ke faɗin ko hantar tana iya aikinta. A ƙirgen jini kuma akwai ƙwayoyin da ake kira platelet, waɗanda idan suka riƙa sauka ƙasa da 150,000 a hankali, sau da yawa alama ce ta tabo da kumburin saifa tun kafin mutum ya ji komai a jikinsa. Da AST da platelet likita zai iya lissafa ma'aunin APRI, mai kimanta tabon hanta, a kan teburinsa ba tare da ka ƙara ko kwabo ba, kuma ma'auni ne mai amfani a inda babu na'urar FibroScan mai auna taurin hanta.

Gwajin yawan ƙwayar cutar, HBV DNA, shi ne mafi tsada, kuma tun da naka ya nuna ba a ganinta, sau ɗaya a shekara ya wadatar muddin ba ka tsallake magani. Na aikin hanta da ƙirgen jini a yi su duk wata shida. Akwai kuma gwajin ƙoda, creatinine da na fitsari, aƙalla sau ɗaya a shekara, domin ta ƙoda tenofovir yake fita, kuma a jikin wasu mutane yakan gajiyar da ita ko ya rage ƙarfin ƙashi. Idan aka ga haka ba daina magani ake yi ba, ana canja shi ne zuwa entecavir ko sabon nau'in tenofovir da ake kira TAF. Ina fatan an yi maka gwajin HIV kafin a fara, domin tenofovir shi kaɗai ga mai ɗauke da cututtukan biyu yana sa ƙwayar HIV ta bijire wa magani. Idan ba a yi ba, a yi yanzu.

Wanda ba na so ka yi wasa da shi, ko da aljihu ya yi zafi, shi ne hoton ciki na hanta duk wata shida, tare da gwajin jini na AFP, mai taimakawa wajen gano sankarar hanta, in da hali. Magani yana rage haɗarin sankarar hanta ƙwarai amma ba ya kawar da shi, kuma a nahiyarmu wannan sankarar takan kama maza da ƙuruciyarsu, musamman waɗanda suka ɗauki cutar tun suna yara. Ƙari ɗan ƙarami da aka gani da wuri ana iya yi masa aiki, wanda kuwa aka bari sai da ya kawo ciwo da rama, yawanci an makara. A nan ma zan ja hankalinka kan gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna a ajiya, saboda gubar aflatoxin da ke cikinsu tana haɗuwa da wannan cutar ta ninka haɗarin.

Diclofenac ɗin nan ya fi damuna a cikin wasiƙarka fiye da yadda kake zato. Shi da ibuprofen da danginsu suna takura wa ƙoda, ga tenofovir yana bi ta hanya ɗaya, kuma ga mai tabon hanta suna iya jawo zubar jini a ciki. Ka ajiye shi, ka je a duba musabbabin ciwon bayan, a kuma auna ƙodarka da sinadarin phosphate, tun da ciwon ƙashi yana cikin abin da tenofovir kan haifar. Paracetamol, wanda mutane suka fi tsoro, shi ne ya fi aminci idan aka tsaya a ƙa'ida: ga mai ciwon hanta kada ya wuce giram 2 a yini, wato ƙwaya huɗu masu miligiram 500, a raba su, kuma a tuna cewa magungunan mura da yawa suna ɗauke da shi a ciki. Ka guji haɗin nan da ake ƙullawa a leda a kemis, ja da fari da rawaya babu suna, domin sau da yawa akwai dexamethasone ko prednisolone a ciki, masu raunana garkuwar jiki su ba ƙwayar cutar dama. Duk likitan da zai rubuta maka magani, musamman na tarin fuka, ka fara gaya masa halin hantarka.

Jiƙon abokinka na san da kyakkyawar niyya ya kawo shi, amma hanta ba tukunya ba ce da za a wanke. Duk abin da ka haɗiya ita ce take tace shi, kuma jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba, ba a san yawansa ba, ƙarin kaya ne a kan mai ɗauke da kaya. Ka yi masa godiya ka bar shi.

Maganar kuɗi kuwa gaskiya ce, ba zan raina ta ba. Ka gaya wa likitanka kai tsaye don ya tsara maka gwajin da ya fi zama dole, ka nemi tenofovir na kamfanonin da ba su da tsada matuƙar yana da lambar NAFDAC, kuma ka riƙa saye tun da sauran na mako biyu a hannu, kada yankewa ta same ka a kan hanyar fatauci. Ka tsayar da lokaci guda, kamar bayan sallar isha'i, wanda ko da azumi ba sai ka sauya ba. Idan ka manta ka tuna a cikin awa 12, ka sha. Idan ya wuce haka ka jira na gaba, kada ka haɗa biyu. Ka sami ƙaramin littafi ka riƙa rubuta kwanan wata da ALT da platelet da albumin da creatinine a jere, domin likita ya fi karanta alkiblar lambobi a cikin shekara biyu fiye da takarda guda. Maiɗakinka da yaranka kuma a gwada su, wanda ba shi da cutar a yi masa rigakafi.

Idan ka ga idanunka sun yi rawaya, ko fitsari ya koma kamar baƙin shayi, ko ciki da ƙafafu sun kumbura, ko bayan gida ya yi baƙi kamar kwalta, ko ka yi aman jini, ko iyalinka suka lura kana yawan barcin rana da ruɗewa, kada ka jira ranar da aka ba ka, ka tafi asibiti a ranar, da littafin nan da kwalin maganinka a hannu.