Fatawa: Hukuncin tsare mutum ba wa'adi da sunan tsaron ƙasa

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Malam, Allah Ya ƙara lafiya. Muna ta gardama da abokan karatuna a kan dokar da Amurka ta yi wadda ta ba sojojinta damar tsare wanda ake zargi da ta'addanci ba tare da shari'a ba har sai yaƙi ya ƙare, kamar yadda ake yi a Guantanamo. Wasu sun ce Musulunci ma ya yarda da haka, tunda Annabi (SAW) ya taɓa tsare mutum a kan tuhuma, kuma ran jama'a ya fi 'yancin mutum ɗaya. Mene ne gaskiyar hukuncin? Kuma Musulmin da yake alƙali ko jami'in tsaro a nan Najeriya, yaya zai yi idan aka kawo masa irin wannan?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Tsare wanda ake tuhuma domin a bincika lamarinsa halal ne, wani lokaci ma wajibi ne a kan hukuma. Amma tsarewar da ba ta da wa'adi, ba a faɗa wa mutum laifinsa ba, babu kuma alƙalin da ke duba maganarsa, wannan haramun ce. Ta daina zama bincike, ta koma horo ba tare da hukunci ba.

Hadisin da abokanka suka kafa hujja da shi yana nan. Abu Dawuda da Tirmizi da Nasa'i sun ruwaito daga Bahzu ɗan Hakim, daga mahaifinsa, daga kakansa, cewa Annabi (SAW) ya tsare wani mutum a kan tuhuma. Sai dai a ruwayar Tirmizi da Nasa'i hadisin ya ci gaba da cewa "sannan ya sake shi". Mai kafa hujja da farkon hadisin dole ya ɗauki ƙarshensa. Haka Nu'umanu ɗan Bashir ya yi lokacin da aka sace wa wasu mutane kaya suka tuhumi wasu masaƙa: ya tsare su 'yan kwanaki, da babu abin da ya bayyana ya sallame su. Masu kayan suka dawo suna ƙorafi, ya ce idan suna so ya daki masaƙan, in kayan sun fito shi ke nan, in ba su fito ba zai rama wa masaƙan a bayan masu ƙara. Ya ce musu wannan hukuncin Allah ne da Manzonsa.

Ga malikawa irinmu akwai magana mai nauyi a cikin Muwaɗɗa. Wani mutum ya zo daga Iraƙi ya gaya wa Sayyidina Umar cewa shaidar zur ta bayyana a ƙasarsu, sai Umar ya ce wallahi ba za a tsare mutum a Musulunci ba sai da shaidar adilai. Shi ya sa Shehu Halilu a Mukhtasar ya ce sabon alƙali idan ya kama aiki da ɗaurarru yake farawa, kafin maganar wasiyyai da dukiyar marayu. Ka lura da wannan jerin. Dukiyar maraya da girmanta sai ta jira, saboda mutumin da ke kulle kowace rana da ta wuce a kansa ba ta dawowa.

Malaman siyasar shari'a, kamar Ibnul Ƙayyim da Ibnu Farhun, sun kasa waɗanda ake tuhuma gida uku. Akwai wanda aka san shi da mutunci, tuhumar ba ta yi kama da shi ba. Wannan ba a tsare shi, har ma wasu sun ce a ladabtar da wanda ya yi masa ƙage. Akwai wanda ba a san halinsa ba, ana tsare shi gwargwadon abin da bincike ke buƙata. Mawardi ya kawo cewa Zubairi daga shafi'awa ya ƙayyade wannan da wata ɗaya, wasu kuma suka ce an bar shi ga ijtihadin shugaba. Ijtihadi kuwa ba son rai ba ne. Ma'anarsa shugaba ya auna kwanakin da aikin binciken zai ci, ba wai ya cire adadi gaba ɗaya ba.

Kashi na uku shi ne inda masu ɗaya ra'ayin suke da abin riƙewa, kuma ba zan ɓoye shi ba. Wanda ya shahara da ɓarna, laifinsa ya yi ta maimaituwa, haddi bai hana shi ba, Mawardi ya ce sarki yana iya ci gaba da tsare shi har mutuwa idan mutane suna cutuwa da shi, ana ciyar da shi ana tufatar da shi daga baitulmali. Haka nan a ayar hiraba, aya ta 33 a Suratul Ma'ida, Imamu Malik ya fassara korar ɗan fashi daga ƙasa da cewa a kai shi wani gari a ɗaure shi har tubarsa ta bayyana. To amma duba da kyau: a duka biyun laifi ya riga ya tabbata a gaban mai hukunci, an san mutumin da sunansa da abin da ya aikata, kuma a maganar Malik mabuɗin ƙofar yana hannunsa, wato tuba. Ba za a yi ƙiyasin wannan a kan wanda aka kwaso a samame, ko wanda wani ya nuna da yatsa don a biya shi lada ba.

Dokar da ka ambata ita ce dokar kasafin tsaron Amurka ta 2012, wadda shugaba Obama ya sa wa hannu ranar 31 ga Disamban 2011. Sashe na 1021 ya tabbatar da ikon tsare wanda aka ce yana cikin Alƙa'ida ko Taliban ko masu alaƙa da su, ba shari'a, har ƙarshen yaƙin da majalisa ta ba da izininsa a Satumban 2001. A zahiri wannan ya yi kama da hukuncin fursunan yaƙi, kuma shari'a ta san fursunan yaƙi: aya ta 4 a Suratu Muhammad ta ce ko a sake su kyauta ko a karɓi fansa har yaƙi ya ajiye kayansa. An ɗaure Sumamatu ɗan Usal a ginshiƙin masallacin Madina, Annabi (SAW) da kansa yana zuwa yana tambayarsa abin da ke ransa, a rana ta uku ya ce a kwance shi. Matsalar ita ce yaƙin da ayar ke magana yana da abokin gaba sananne da ranar sulhu. Yaƙi da ta'addanci ba shi da wanda zai zauna a yi yarjejeniya da shi, don haka "har yaƙi ya ƙare" ya zama "har mutuwa" a aikace.

Abin da ya faru ya tabbatar da wannan. An buɗe gidan tsarewa na Guantanamo a Janairun 2002, kimanin mutum 780 suka shiga, waɗanda aka yanke wa hukunci kaɗan ne ƙwarai, mafi yawansu an sake su bayan shekaru ba a tuhume su da komai ba. Akwai 'yan ƙabilar Uigur 22 daga Sin waɗanda gwamnatin Amurka da kanta ta daina kiransu abokan gaba, amma na ƙarshensu ba su fita ba sai Disamban 2013. Duk wanda ya karanta Suratu Yusuf ya san wannan hoto: bayan sun ga alamomin kuɓutarsa, suka ga ya dace su ɗaure shi "har zuwa wani lokaci", ya zauna shekaru saboda an manta da shi. Kotun ƙolin Amurka ma a 2008 ta yanke cewa tsararrun suna da haƙƙin ƙalubalantar tsarewarsu a gaban alƙali, kamar yadda kotun ƙolin Birtaniya ta lokacin ta ƙi amincewa da irin wannan doka a Disamban 2004.

Batun cewa ran jama'a ya fi 'yancin mutum ɗaya, ƙa'idar gaskiya ce: ana jure cutar da ta keɓanta don tunkuɗe wadda ta game. Amma tana da 'yar'uwa da ba a raba su, wato lalura ana auna ta da gwargwadonta. Lalurar tsaro tana iya tsawaita kwanakin bincike, ta sa a ɓoye sunan mai ba da shaida, ko a yi zaman kotu a cikin bariki. Ba ta iya sauke nauyin kawo hujja daga kan mai da'awa. Sannan dole maslahar ta zama tabbatacciya, ba zato ba. Birtaniya ta gwada tsarewa ba shari'a a Ireland ta Arewa daga Agustan 1971 zuwa Disamban 1975. An kama mutum 342 a samamen farko, da yawansu ba su da hannu a komai, kuma shekarar da ta biyo baya, 1972, ita ce mafi zubar da jini a duk rikicin. Dalilin a fili yake. Dangin wanda aka zalunta sun daina kai wa hukuma labari, kurkuku ya haɗa marar laifi da mai laifi a ɗaki ɗaya shekara da shekaru, su kuma masu bincike da suka san ba ranar da za a tambaye su sai su saki aikin, shaidu su watse, takardu su ɓace.

Game da alƙali ko jami'in tsaro a Najeriya, doka ba ta tilasta masa saɓa wa shari'a ba, in ya riƙe ta da gaskiya. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, ko kwana biyu idan babu, ko fiye da haka gwargwadon abin da kotu ta ga ya dace, duk da cewa an togace wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne. Ƙofar da ake shigowa ta ita ita ce dokar yaƙi da ta'addanci ta 2022, wadda ta ba kotu damar ba da umarnin tsarewa na kwana 60 ba tare da an ji daga bakin wanda ake zargi ba, kuma ana iya sabuntawa har a gama bincike da shari'a. Umarnin farko yana halatta idan an nuna wa alƙali alamar tuhuma mai ƙarfi. Sabuntawar ce wurin zamewa. Bai halatta alƙali ya sa hannu a karo na biyu ba sai an kawo tsararren ya gan shi da idonsa, ya tambayi mai bincike abin da aka yi a kwana 60 ɗin da suka wuce, da abin da ya rage, da kwanakin da zai ci. Idan amsar ita ce "ana kan bincike" kawai, sai ya umarci a gurfanar da shi, ko a ba da belinsa da lamuni, ko a sake shi. A zaman shari'ar waɗanda ake zargi da shiga Boko Haram da aka yi a Kainji a Oktoban 2017 an hukunta mutum 45, aka sallami 468, kuma da yawa sun riga sun yi shekaru a tsare. Kwanakin waɗannan mutane suna wuyan duk wanda yake da ikon duba maganarsu bai duba ba.

Shi kuma jami'i, wajibi ne ya rubuta sunan wanda ya kama da rana da wuri, ya sanar da iyalinsa inda yake, don matar da ba ta san ko mijinta na raye ba ba ta da aure ba ta da takaba. Kada ya kama uwa ko mata ko ƙane a madadin wanda ya gudu. Wani rai ba ya ɗaukar nauyin wani. Kada ya nemi iƙirari da yunwa ko duka, domin abin da ke cikin Mudawwana, babban littafin fiƙihun malikawa, shi ne ba a kama mutum da iƙirarin da aka tilasta shi, ko da yake wasu malaman mazhaba na baya sun sassauta a kan wanda ya shahara da ɓarna, kuma ba mu ba da fatawa da wannan sassauci. Abinci da magani da sutura da damar salla haƙƙin tsararre ne a kan gwamnati, kamar yadda Alƙali Abu Yusuf ya rubuta wa Haruna Rashid, har ya nemi ya umarci gwamnoninsa su riƙa duba maganar 'yan kurkuku a kai a kai. Idan na sama ya ba shi umarnin ɓoye mutum ko ƙin bin umarnin kotu na saki, babu biyayya ga abin halitta a cikin saɓon Mahalicci. Ya rubuta uzurinsa, ya nemi a canja masa aiki. Wanda kuma aka gano an tsare shi ba bisa ƙa'ida ba, a biya shi diyyar abin da ya rasa na sana'a da lafiya, a kuma bayyana wa mutanen unguwarsa cewa ba shi da laifi, kuma shi ma sashe na 35 ya tanadi biyan diyya da neman afuwa a bainar jama'a.

Wallahu a'alam.