Jijjigar giyar tsohuwar Cressida

Malam, ka ce motarka Toyota Cressida mai giyar hannu tana jijjiga da gurnani a titunan Jidda, kuma kana zargin boris.

Kafin a sauke giyabos, tsayar da motar a firi, injin yana aiki. Idan gurnanin ya ɗauke da ka taka kuloci, boris ɗin sandar gaban giyabos ne. Idan kuwa sai ka taka yake tasowa, na kulocin ne. Jijjigar da ke ƙaruwa da gudu ko a wace giya, galibi daga farfela take, wato doguwar sandar da ke kai juyi daga giyabos zuwa tayoyin baya, ko kuma daga tayoyi. Tsiyaye man giyar, ka duba ko akwai ɓurɓushin ƙarfe.

Don Allah kada a doka sabon boris da guduma. Nemi makaniken da ke da na'urar matsawa a sana'iyya, wato unguwar garejin makanikai.