Na'urar ƙara wa totur kuzari, tana aiki kuwa?

Salam ɗan'uwa, ka tambaya ko na'urar nan da ake jonawa a totur irinsu Pedal Commander da Sprint Booster tana ƙara wa mota ƙarfi. Gaskiya ba ta ƙara wa inji komai, tsakanin totur da kwamfutar mota take zama, in ka ɗan taka kaɗan sai ta gaya wa kwamfutar ka taka da yawa, shi yasa zaka ji motar ta zabura. Kuma sai motar da toturinta na lantarki ne, tsofaffi masu kebul ba ta shiga.

Ni na sa wata mai araha a Corolla ɗina, wajen wuce tirela a hanyar Gombe zuwa Bauchi kam naji daɗinta, amma cikin gari wallahi wahala ce, motar sai fizga take ga shan mai, wata rana wajen Alƙaleri fitilar inji ta kama motar ta ƙi gudu, ashe soket ɗinta ne ya saki, sai da rewaya ya cire.

Don Allah kafin ka saya a duba maka filogi da filtar iska tukuna, in zaka saya kuma ka nemi wadda aka yi wa samfurin motarka.